Munkaila da Wando Goma Sha Ɗaya

Munkaila tela ne, amma a shekaru biyar da na san shi a Guangzhou ban taɓa ganin ya ɗinka ko hula ba. Aikinsa juya wando. In ɗan kasuwa ya ba da odar wandon jins a Xintang, garin da ba a komai sai jins har ruwan kwatarsu shuɗi ne, ranar karɓar kaya sai ya ɗauki Munkaila su tafi tare. Zai zauna a kan kwali, ya zaro wando ɗaya daga kowane ɗauri, ya juya cikinsa waje, ya bi ɗinkin da farce tun daga ƙugu har ƙafa. In ya ajiye a dama, an wuce. In ya ajiye a hagu, sai an kwance ɗaurin gaba ɗaya. Sinawa masu masana'antu ba sa murnar ganinsa, amma suna zuba masa shayi.

Mutumin Tsamiyar Ilu ne, wani gari tsakanin Funtuwa da Gusau da in kana gyangyaɗi a mota za ka wuce shi ba ka sani ba. A 2003 ya rako wani alhaji zaɓen kekunan ɗinki. Alhajin ya koma, shi ya zauna. Sinancinsa na cikin masana'anta ne: lissafi, sunan zare, zagi kaɗan. Matarsa Zulaiha da 'ya'ya suna gida, yana zuwa sau ɗaya a shekara lokacin da Sinawa ke rufe aiki don bikin sabuwar shekararsu.

Ni sunana Ramlatu, 'yar Kano ce, ina ba masu shaguna sarin wanduna. A shekarar da ya zo na fara zuwa, bayan na gaji da Dubai.

Ɗakinsa yana Xiaobei, unguwar da baƙar fata ke taruwa, a hawa na biyar. Rabin ɗakin ba nasa ba ne. Duk wanda zai koma gida sai ya bar masa ajiya: buta, darduma, rigar sanyi, tukunyar shinkafa ta lantarki, ƙullin kuka da daddawa. Kowanne yakan ɗaura masa ƙyalle ya rubuta sunan mai shi. Wani mutumin Maraɗi ya taɓa barin rabin gwangwanin yaji, ya yi shekara biyu bai dawo ba. Da ya dawo ya tarar da shi a rabinsa. Yajin ya mutu, amma yana nan.

A 2006 mu tara muka haɗa jari da wani Basine mai masana'anta a Xintang, sunansa Liang. Lawban muke ce masa, wato maigida, kamar yadda ake ce wa kowane mai shago a can. Cikin kaso ɗari, Lawban yana da arba'in. Alhaji Babayo da mutum shida da ke bin bayansa a komai suna da arba'in da biyar. Ina da goma sha uku. Munkaila yana da biyu, waɗanda aka ba shi ladan idonsa, don kada wani kamfani ya ɗauke shi. Shi ne kuma tafintanmu.

A watan Maris na 2008 Lawban ya tara mu ya ce ladan teloli na ta hawa a Xintang. Shawararsa a riƙa yanka yadi a nan, a tura Najeriya a ɗinka a can. Kowa ya yarda. Sai maganar inda za a kafa reshen. Lawban ya ce Legas, saboda tashar jirgin ruwa. Alhaji Babayo ya ce Kano, kuma duk mun san yana da wani sito a Sharaɗa da ya rasa ɗan haya. Munkaila ya gama fassara, ya gyara zama, ya ce shi ma yana da wuri.

"Ina ne?" in ji Alhaji Babayo.

"Tsamiyar Ilu, Alhaji."

"Ina ne kuma can?"

"Garinmu ne."

"Akwai wuta?"

"Akwai turaku da waya."

"Wutar nake tambaya."

"Takan zo."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce akwai teloli sittin da uku a garin, ya san kowa da sunansa da irin hannunsa. Aikinsu azumi ne da gabanin babbar salla. Sauran wata tara kekuna na rufe da zani, samari sun tafi Kano da Legas acaɓa. Akwai tsohon siton auduga a bakin titi, ba komai a ciki sai jemagu.

Alhaji Babayo ya ce, "Munkaila, kaso biyu gare ka. Ko bayan gida za a gina ba kai za ka zaɓa mana wurin ba."

Lawban ya tambayi abin da aka ce. Munkaila ya fassara masa duka, har da bayan gidan.

Amma a takardar kamfani an rubuta cewa duk mai kaso, komai ƙanƙantarsa, in ya kawo shawara sai an kaɗa mata ƙuri'a, kuma wurin da ya fi tara kaso shi ya ci. Don haka aka rubuta wurare uku. Lawban ya sa ranar takwas ga watan takwas, ranar buɗe gasar Olamfik, don su Sinawa suna son takwas. Kafin a tashi Munkaila ya roƙi a ba shi yankakken yadi na wando goma sha biyu, da zare da zif da maɓallai, ya aika gida a ɗinka a dawo da su a gani. Lawban ya ba shi, ina jin don a huta.

Daga Afrilu biza ta yi wuya. Saboda gasar, an daina sabunta ta a Hong Kong yadda aka saba, 'yan sanda kuma suna tsayawa a bakin benaye suna duba fasfo. Xiaobei ta fara yoyo. Gidan abincin da sai ka jira kujera ya koma kai da mai tuwo. Alhaji Babayo da mutanensa shida duk suka kama hanya a Yuni. Munkaila yana da takardar zama ta ma'aikacin kamfani. Ni kuma an yi mini aiki a gwiwa, asibiti ya ba ni takarda aka ƙara mini wata uku.

Lauyan Lawban ya ce duk wanda ba zai halarci taron ba ya bar wakili a rubuce. Su bakwai ɗin suka rubuta sunan Munkaila. Ba su yi shawara ba. Sun kai masa butocinsu da rigunan sanyi, suka haɗa da takardun, kamar yadda suka saba. Ya ɗaura wa kowace ƙyalle ya zuba a jaka.

Na hau benen nan da sanda na ce ya ba ni in gani. Na yi sakandare, Turancin lauya ba ya ba ni tsoro. Na karanta sau biyu.

"Munkaila, ka san abin da ke jakar nan?"

"Takardun su Alhaji."

"An rubuta wakili zai kaɗa yadda ya ga ya dace. Arba'in da biyar da naka biyu, arba'in da bakwai. Ka wuce Lawban ko ban ɗaga hannu ba. Tsamiyarku ta ci tun yau."

"Ajiya ce, Hajiya."

"Ajiyar ta ce ka yi yadda ka ga dama."

"Takardar ce ta ce. Alhaji bai ce ba."

Na ce masa shi sakarai ne. Ya ce to, ya tambaye ni gwiwa.

Ya sayi katin waya ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana roƙo. Alhaji Babayo ya ce Kano, kuma kada ya sake kiransa a kan maganar. Sauran shida suka ce abin da Alhaji ya ce. Ɗaya ya ƙara da cewa a duba masa rigar sanyinsa ko asu ya taɓa.

Saura kwana biyu taro wandunan suka iso ta jirgin sama. Ya kira ni in zo in gani, don ni ce kaɗai Bahaushiya mai kaso da ta rage a ƙasar. Ya kwance ƙullin ya ƙirga. Goma sha ɗaya ne. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya bi ɗinkin gefe da farce. Ni ma na san ɗinki, wannan ya fi na Xintang miƙewa. Da ya iso hantsa, tsakanin ƙafafu, sai farcen ya tsaya. An tsaga wurin an sa wani ƙyallen jins mai kusurwa huɗu, an ɗinke shi tsaf, irin yadda ake yi wa wandon babbar riga. Ya juya na biyu, haka. Duk goma sha ɗayan haka.

Ya kira Malam Illa, shugaban telolin garin, wanda ya koya masa ɗinki. Ya sa wayar a fili ina ji.

"Malam, wando goma sha biyu na aiko."

"Haka ne. Ɗayan mun yanka shi mun yi wa sauran hantsa."

"Wa ya ce a yi?"

"Ba wanda ya ce. Basinen da ya yanka ya yi rowar yadi. Wani yaronmu, Musa, ya gwada ɗaya ya tsuguna, sai da muka taimaka masa ya tashi. Mutum ya sa wannan ya yi fitsari ta yaya? Kada ka faɗa masa dai ya ji kunya, mun gyara."

Munkaila ya yi godiya, ya ce a gaida gida, ya kashe wayar. Ya zauna yana kallon wandon.

Na ce, "Kai tela ne. Kana da kwana biyu da keke a masana'anta. Farke su ka mayar yadda aka yanka."

"In an kai aikin can, Hajiya, ba ni zan ɗinka ba. Su ne. Gara Lawban ya ga abin da zai samu."

Na ɗauki wando ɗaya na tafi da shi masauki, na shimfiɗa a gado na daɗe ina duba wurin.

Ranar ta faɗo Juma'a, don haka aka sa taron ƙarfe tara na safe, Munkaila ya samu komawa gari salla. A ɗakin sama na masana'anta muka zauna, mu huɗu: ni, Munkaila da jakarsa, Lawban, da lauya mai rubutu. A ƙasa kekuna na ta gudu don an ce za a tashi ma'aikata da wuri su je kallon talabijin.

Lawban ya juya wando ɗaya da kansa. Ya gyaɗa kai a ɗinkin gefe, ya gyaɗa a aljihu, ya ja zif sau uku. Ya iso hantsa ya tsaya. Munkaila ya gaya masa yadda aka yi, bai rage komai ba, har da rowar yadin. Lawban ya yi magana mai tsawo yana buga tebur da yatsa.

"Me ya ce?" na tambaya.

"Ya ce telan da zai canja yankan da aka ba shi don ya ga ya fi, shi ke rufe masana'anta. Ya ce yau hantsa, gobe za su yi wa jins aiki a ƙafa. Ya ce ya fi son telan da ba ya tunani."

"Kai me ka ce?"

"Na ce gaskiya ne."

Sai na ce ya fassara nawa, kuma kada ya tausasa. Shekara biyu ina gaya wa Lawban masu shaguna na dawo mini da ƙorafi ɗaya: wandon na fashewa a tsakiya. Amsarsa kullum a sayi babba. Mazanmu a tsugune suke fitsari, a ƙasa suke cin tuwo, sau biyar a rana suna naɗe ƙafa a tahiya, rabinsu kuma suna kan babur. Wandon da aka yanka wa mai zaman kujera ba ya wata uku a jikinsu. Na ce kafin ya ƙara buga tebur ya sa ɗaya.

Lawban ya dube ni, ya dubi lauya, ya ɗauki wandon ya shiga bayan labule. Ya fito ya naɗe ƙafafun sau uku don gajere ne. Ya yi taku biyu. Sai ya tsuguna a gefen tebur, irin tsugunon da Sinawa ke yi a bakin titi suna cin shinkafa, duga-dugai a ƙasa. Ya karkata dama, ya karkata hagu. Ya laluba aljihun riga ya kunna sigari. Bai tashi ba. Daga nan ya ce wa lauya a fara.

Lauya ya kira Kano. Munkaila ya buɗe jaka, ya ɗaga takardu bakwai ɗaya bayan ɗaya, yana karanta sunan da ke ƙyallen kowace. Aka rubuta arba'in da biyar. Lauya ya dube ni, na ce a ci gaba.

Ya kira Legas. Lawban ya busa hayaƙi.

Ya kira Tsamiyar Ilu, ya kasa faɗa, sai da Munkaila ya faɗa masa. Munkaila ya ɗaga hannu. Lawban ya ɗaga sigarinsa daga inda yake tsugune. Arba'in da biyu. Ban ce wandon ne kaɗai ya juya shi ba. Ya san Legas ba za ta ci ba, kuma bai so kayansa su kwana a siton Alhaji Babayo da makulli a aljihun Alhaji Babayo.

Saura ni. In na yi shiru Kano ta ci da uku. Ni 'yar Kano ce, shagona yana layi ɗaya da na Alhaji Babayo, matarsa 'yar ƙanwar mahaifiyata ce. Ban taɓa taka Tsamiyar Ilu ba, kuma telolinta sittin da uku ba 'ya'yana ba ne. Abin da nake so wandon da ba za a dawo mini da shi ba. Amma maganar Lawban ma gaskiya ce.

Na ce wa Munkaila, "Malam Illa zai ƙara gyara wani abu?"

"Zai so."

"Wa zai hana shi?"

"Sai in na koma na zauna a kansa."

"To ka koma. Ba zuwan wata ɗaya ba. Ka tattara."

A Guangzhou kowane ɗan kasuwa na nemansa, abin da yake samu a wata ya fi na shekara a gida, kuma takardar zaman da mutane ke kuka a kanta tana aljihunsa. Na san haka lokacin da na faɗa.

Ya ce, "Sai na mayar wa mutane ajiyarsu tukuna."

Na ɗaga hannu. Lauya ya rubuta hamsin da biyar.

A tasi muna komawa ya kira Alhaji Babayo. "Alhaji, na kaɗa maka Kano, kai da sauran shida. Ba ta ci ba." Na ji muryar Alhaji daga inda nake zaune, amma ba Munkaila yake zagi ba. Ni ce. Shekara biyu bai gaishe ni ba, matarsa kuma ta daina aiko mini da cincin ɗin salla. Kasonsa dai bai sayar ba.

Bayan gasar biza ta ɗan saki, mutane suka fara dawowa. Wata huɗu Munkaila ya yi yana raba butoci da dardumai. Waɗanda ba su dawo ba ya zuba nasu a kwali ya sa a kwantenar kekuna. A Disamba ya tafi.

An kori jemagu, an sa kekuna talatin da janareta. Wuta ta ci gaba da zuwa yadda ta saba. Lawban ya sa aka gyara yankan tun daga Xintang, da hantsar a ciki, don kada a ƙara cinye masa wando ɗaya cikin goma sha biyu. Sau ɗaya Malam Illa ya so ƙara wa aljihu zurfi saboda goro, Munkaila ya ajiye ɗaurin a hagu, malaminsa ya kwana uku yana farkewa. Ƙorafin masu shaguna ya tsaya. Garin bai zama Kano ba. An samu mata biyu masu shinkafa a ƙofar sito, da mai gyaran keke, da motar da ke zuwa ɗaukar kaya ran Talata. Samari kamar ashirin sun ajiye babur sun dawo, wasu sun sake tafiya.

A 2016 dala ta tashi, yadi daga Xintang ya daina biyan hanya, Lawban ya janye. Aka sayar wa telolin kekunan. Wajen goma sha takwas na aiki har yanzu, da yadin da suke saya a Kano.

Na je garin sau ɗaya, a shekarar da ta biyo. Na tarar da shi a ƙofar sito a kan kwali, ya yi furfura, wanduna a damansa da hagunsa. Muna gaisawa idonsa na kan kalmasar hijabina. Ya ce wanda ya ɗinka ya yi sauri. Sannan ya shiga ciki ya fito da wani fulas ɗin shayi da ƙyalle a wuyansa, an rubuta Hajiya Ramlatu. Na bar shi a ɗakinsa na Xiaobei ranar da muka duba wandunan, na manta.

Na ce, "Murfinsa a tsage yake tun a can. Ka jefar."

Ya ce, "Naki ne, Hajiya. Ke za ki jefar."

Na karɓa na sa a mota.